Hannuna na Hagu da Ƙafar Ragon Layya

Tafin hannuna na hagu ba ya kallon sama. Idan aka ɗaga hannu za a yi addu'a, na dama ya buɗe sosai, na hagun kuwa sai ya karkace, ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa. Haka na tashi da shi, haka na yi aure, haka na daɗe ina koyarwa a wata firamare a Gumel. Bai hana ni daka ba, bai hana ni wanki ba. Abu biyu kawai ya hana ni: karɓar faranti da shi, da mantawa da yadda aka yi ya zama haka, don a gidanmu ba a taɓa barina na manta ba.

Babanmu mai ɗori ne, a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Gado ya yi wajen mahaifinsa. Zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi: manomin da ya faɗo daga amalanke, tsohuwar da santsi ya kwashe a bakin rijiya, Bafulatanin da ya saɓo ɗan maraƙi a wuya. Mutum da dabba duk ɗaya ne a wurinsa. Zai rufe ido ya bi ƙashin da yatsu, ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya sa a riƙe masa, sannan ya ja. Jan nan shi ne aikin. Na sha ganin ƙato mai gemu yana kiran sunan uwarsa, Baba ko a jikinsa, sai ya ji bakin ƙashi ya haɗu da baki sannan ya jera kara ya ɗaure. Ba shi da allo a ƙofar gida, ba shi da wani arziki. Abin da yake da shi magana ɗaya ce da ake yi daga ƙauyenmu har tsallaken iyaka: ba a taɓa ganin ɗorinsa ya karkace ba.

Sai nawa. Nawa kuma kowa ya san ba laifinsa ba ne.

A gidan masu ɗori akwai ƙa'ida: mutum ba ya ɗora jininsa. Idan ɗan gidanmu ya karye, Baffa ake kira, yayan Baba da ke zaune a Gagarawa. Idan nasa ne, Baba ke zuwa. Ina yarinya na ɗauka wani asiri ne a ciki, ban kuwa taɓa tambaya ba. Ina da shekara shida na faɗo daga kan jaki a hanyar rijiya, hannun ya karye tsakanin gwiwa da wuyansa. Baffa ya tafi ta'aziyya Damagaram, ga damina ta yi nisa, babu wanda ya san ranar dawowarsa. Hannu ya soma kumbura. Baba ya ɗora da kansa. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: ƙanshin man shanu, da ƙirjin Inna a bayana tana rungume da ni.

Da aka kwance, hannu ya fito a karkace. Inna ta ce ni ce na zare kara biyu daga ɗaurin na yi 'yar tsana da su. Ban tuna na yi ba, amma wa zai musa wa uwarsa? Kuma na san halina, ba na ji. Daga ranar na samu suna, Mai Kwance Ɗori. Yayyena suka riƙe shi, ƙawayena suka ɗauka, har dangin mijina sai da labarin ya kai musu. Duk matar da ta kawo ɗanta ɗori, sai an kira ni an nuna masa hannuna, an ce in ya taɓa ɗaurinsa haka zai koma. Ina dariya tare da masu dariya, amma abin yana ci mini rai. Na girma da yaƙinin cewa ni kaɗai ce na taɓa ɓata aikin Baba, har Inna ta rasu ban daina jin nauyin haka ba.

Shekaru uku da suka wuce, ana saura mako biyu Babbar Sallah, na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A hanyar dawowa tasha ɗan acaɓa ya kauce wa raƙumi, muka zube a yashi. Na dafa ƙasa da hagun. Da wuyan hannun ya ƙi daina zafi, likita ya tura ni hoton ƙashi.

Ɗakin hoton wani ɗan wuri ne mai zaman kansa a Gumel. Mai ɗaukar hoton dattijo ne mai furfura a gemu, mutumin Maigatari, mai yawan barkwanci. Ya sa na cire awarwaro, ya kwantar da hannun a kan wani faifai, ya ce kada in motsa, ya shige bayan bango. Na ji ɗan ƙara, shi ke nan. Da hoton ya fito ya manna shi jikin fitila, sai ga ƙasusuwana fari fat a cikin baƙi. Wallahi sai da na ji kunya, kamar an shigo mini ɗaki ba sallama.

"Malama, na yau targaɗe ne kawai," in ji shi. "Amma nan fa? Wannan tsohon aiki ne."

Ya nuna da biro. Ƙashi biyu ne a jere. Ɗaya ya tafi sambal. Ɗayan kuwa, a tsakiyarsa, baki ya hau kan baki, suka manne a haka suka yi ƙulli.

"Ina ƙarama ne," na ce. "Ni na kwance ɗaurin."

"To, yana yiwuwa. Ko dai ya goce daga baya, ko kuma tun farko ba a ja shi ya kai ba. Hoto yana nuna abin da ya faru, ba ya faɗin wanda ya yi."

Na fito da ƙatuwar ambulan a hammata, maganarsa ta biyun nan tana bina. Tun farko ba a ja shi ya kai ba. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma ban so na kawo ba. Baba ya haura tamanin, yanar ido ta soma rufe masa ido ɗaya, sunan nan nasa shi kaɗai ya rage masa. Na kai gida na cusa ambulan ɗin ƙarƙashin katifa, na yi niyyar ba zai taɓa ganinta ba.

Na manta na ba ƙanena labarin hoton, shi kuwa mai baki ne. Ranar Sallah muka je ƙauye, ana cikin fiɗar rago, Baba ya kira ni gefe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, an ce an ɗauki hoton hannunki, har ƙashi ya fito."

"Targaɗe ne, Baba. Ya ma warke."

"Ina hoton?"

"Ban san inda na jefa shi ba."

Ya dube ni da idon nan mai gani. Shekara arba'in da 'yan kai ina yi wa Baba ƙananan ƙarairayi, bai taɓa kama ni da baki ba, kallon kawai yake yi.

Bayan hutun Sallah da kwana biyu, ina shanya da hantsi, sai ga sallamarsa a ƙofar gidana a Gumel. Mutumin da sai a shekara bai shiga mota ba. Yana riƙe da sanda, da wani abu dogo a naɗe cikin tsumma. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce in kai shi wurin mai hoton, kuma in ɗauko ambulan ɗin da ban san inda na jefa ba. Na ɗaga katifa na ɗauko.

Muka jira layi ya ƙare. Da muka shiga, Baba ya kwance tsumman a kan tebur, sai ga ƙafar gaba ta ragon layyarmu, an babbake ta, ta sha hayaƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai hoton ya dubi ƙafa, ya dubi Baba, ya dube ni.

"Baba, injin nan na mutane ne."

"Ƙashi ƙashi ne, ɗana. Ina so injinka ya gaya mini abin da ya taɓa samun ragon nan."

Da ya ji daga ƙauyen da muke, sai ya tashi ya sake gaisuwa har da rusunawa. Ashe Baba ne ya ɗora wa kawunsa cinya shekarun baya. Ya yi dariya ya ce yau dai zai ɗauki maras lafiyar da ba sai an ce masa kada ya motsa ba. Ya shimfiɗa leda, ya kwantar da ƙafar, ya fitar da mu waje.

Da hoton ya hau fitila, Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa shi. Mutumin da ya shekara sittin yana bin ƙashi da yatsu a cikin duhu, yau ga shi a fili. Ya daɗe yana kallo. Mai hoton ya bi sangalin da biro, ya tsaya a wani wuri da ya ɗan yi kauri.

"Ragon nan ya taɓa karyewa a nan, tun yana ƙarami. An ɗora shi. Kuma wanda ya ɗora gwani ne, dubi yadda ya tafi kamar an ja zare."

"Ni ne," in ji Baba. "Saniya ce ta taka shi yana ɗan wata biyu. Ashe injinka yana ganin tsohon aiki."

"Yana gani, Baba."

"Ba ya ƙari, ba ya ragi?"

"Ba ya yi."

Sai ya miƙo mini hannu ba tare da ya juyo ba. "Kawo naki, Uwata."

Sai a lokacin na gane. Ba wasa ya kawo shi ba, ba kuma son ganin abin mamaki ba. Shaida ya zo gwadawa kafin ya yarda ta yi magana a kansa.

Aka manna nawa kusa da na ragon. Ga ƙafar dabba a miƙe, ga hannun 'yarsa da ƙulli a tsakiya. Na yi sauri na ce, "Baba, ai ka san ni na zare karan." Mai hoton ma, Allah ya saka masa, ya soma cewa irin wannan yakan goce daga baya. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya sa yatsa a kan ƙullin yana shafawa, kamar zai ji shi ta jikin hoton.

"Ba ki zare komai ba," ya ce. "Kwana arba'in ni nake duba ɗaurin nan safe da yamma. Kara bakwai na sa, bakwai na kwance."

Ya ci gaba, yatsansa na kan ƙullin.

"Na kama hannun na soma ja. Saura kaɗan ya kai, kaɗan ƙwarai. Sai kika daina ihu, kika dube ni kika ce, Baba ka bari, zan riƙa ji. Kin ɗauka horo nake miki." Ya sauke yatsansa daga hoton. "Sai na saki. Na ce wa kaina ya kai. Yatsuna sun san bai kai ba. Ragon nan ya yi kuka ya fi naki, na ja shi har ya miƙe, don ba nawa ba ne a nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Abin da ya sa aka ce kada mutum ya ɗora nasa ke nan. Babu wani asiri."

"To Inna fa?"

"Innarki ta ga an soma magana a gari, ta rufa mini asiri da ke. Ni kuma na yi shiru, na bar yarinya 'yar shekara shida ta ɗauki kayana. Sakin hannun, tausayi ne. Shirun nan kuwa ba ni da abin da zan kira shi. Ki yafe mini, Uwata."

Zan yi ƙarya idan na ce raina bai ɓaci ba. Ya ɓaci. Na tuna duk yaran da aka nuna wa hannuna, na tuna dariyar dangin miji. Amma ga tsoho a gabana, hularsa ta karkace, yana riƙe da gefen tebur, ya shigo motar haya da ƙafar rago a tsumma don ya kai ƙarar kansa. Tausayinsa ya fi ƙarfin fushina. Na kama hannunsa da hagun nan nawa na ce na yafe, duniya da lahira. Mai hoton ya juya baya yana ta gyaran takardun da ba su buƙatar gyara.

A hanya na ce masa maganar ta tsaya tsakaninmu, ba sai kowa ya ji ba. Ya dai karɓi ambulan ɗin da hotuna biyun, ya hau mota da ita.

Bayan wata guda na je ƙauye. Ina shiga zaure na ga hoton hannuna a rataye a jikin taga, inda rana ke ratsa shi, kowa yana gani. Na ragon kuwa yana cikin ambulan a ƙarƙashin buzu. Yayyena sun riga sun ji, babu wanda ya ƙara kirana da tsohon sunan nan. A kan tabarma ga wani Bafulatani an kawo shi da karyayyen hannu, 'yan'uwansa biyu sun riƙe shi, yana zufa yana roƙon a yi masa a hankali. Idonsa ya kai kan taga, ya tambaya mene ne wancan.

"Hannun 'yata ne," in ji Baba, yana shafa man shanu. "Ni na ɗora shi. Ta ce in bari, na bari."

Ya rufe ido, ya bi ƙashin da yatsu har ya sami wurin.

"Ku riƙe shi da kyau," ya ce. "Zan ja."