Babur ɗin Ƙanƙarar Kawu

Jiya ƙanƙara ta sauka a unguwarmu ta Rusholme, sai na tuna Kawu da tsohon babur ɗin tafiya kan ƙanƙara da yake gyarawa a garejinsa na unguwar Handsworth. Yakan ce, "Inji ba ya mutuwa, yasar da shi ake yi."

Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe mu. Ya dafa ni a gaban ɗansa ya ce, "Naka ne." Ban ɗauka ba, ina zan ajiye a ɗan flat ɗina na saman bene?

Bayan rasuwarsa council, hukumar gari, ta karɓe garejin da ta ba shi haya. Da na tuna wa ɗan kyautar, ya ce, "Ni ban ji ba," ya kira 'yan gwangwan suka kwashe babur ɗin.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni dai na ji.