Bugu Ɗaya a Turmi

Shekara ashirin da biyu ke nan, in an bi lissafin wata, tun da aka fita da maigidana ta ƙofar zauren da nake kallo yanzu. Mutanen unguwar Birni a nan Damagaram suna ce masa Abba Kafinta. Ni bakina bai taɓa kama sunan ba, sai yau da alƙalami ya kama mini shi, tun da sai da na girma na shiga karatun yaƙi da jahilci.

Kowace shekara in watan rasuwarsa ya kama, waina nake soyawa in raba sadaka, in yi masa addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. Kwana uku na yi ina tashi ina zama, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni. Dalili kuwa autana ne, Mutari, mai ba da hayar kayan kiɗa a gidajen biki. Ranar Talata ya shigo ya ce zai sayi sababbin akwatunan lasifika, irin dogayen nan masu tsayuwa a ƙasa da ƙafarsu. Mai kanti ya yarda ranar Juma'a a kawo iri biyu gida a gwada. Ɗaya kuɗinsa ya kai na sabon babur, ɗayan bai kai rabin haka ba. Ya ce, "Inna, ke za ki zaɓa mini, yadda kike yi wa Baba." Na ce masa to. Abin da ban ce ba shi ne, kunnena na hagu ya fara tafiya tun bara, kuma babu wanda na gaya wa.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ya hana ni zama.

Daga Mirriya aka kawo ni gidan nan, shekara biyar kafin mulkin kai. A lokacin ƙofofi yake yi, da tagogi, da akwatunan amare. Wata rana wani soja a bariki ya ba shi matacciyar radiyo kyauta. Ya kwance ta, ya ciro farantin nan mai baƙar takarda da murya ke fitowa ta ciki, ya haɗa shi da garmaho mai aiki da batirin mota. A fili muryar siririya ce kamar ta sauro. Da ya sa farantin cikin akwatin katako, sai ta yi ƙiba. Daga ranar nan ƙofofin mutane suka fara jira. Yakan ce farantin maƙogwaro ne kawai, akwatin shi ne ƙirji, kuma maƙogwaro kowa yana iya saye, ƙirji sai an sassaƙa.

Ni ina kulle. Ban fita zaure in da baƙi, kuma zauren ba ya rabuwa da baƙi. Tsakanina da akwatunansa katangar ƙasa ce, sai dai in ji su ina daka. Wata azahar ya shigo cin abinci, na ce masa ban da niyyar komai, "Na safe ya fi na yanzu. Na yanzu kamar mai waƙar ta sa kanta cikin randa." Ya tsaya da loma a hannu yana kallona. Ashe akwati biyu yake gwadawa, kuma na yanzun shi ne wanda ya fi shan wahala a kansa.

Haka aka yi na zama kunnensa. In ya gama sabon akwati, sai ya ajiye shi gefen tsoho, ya sa faifai ɗaya, wuri ɗaya, ya ji da na farko, ya sauya waya ya ji da na biyu. Abu uku yake so in saurara: muryar mutum, ko kalma tana fita da gefenta, ganga, ko tana sauka ƙasa ba tare da ta fashe ba, sai algaita, ko tana soke kunne. In na farko ya fi, in buga taɓarya a turmi sau ɗaya. In na biyu ne, sau biyu. Yakan ce, "Ta Mirriya, idona yana cin amanata. Wanda na zubar wa gumi shi nake ji ya fi. Ke ba ki ga gumin ba, murya kawai ke zuwar miki."

Shekarar mulkin kai, dattawan unguwa suka ce ranar feti, wato ranar bikin mulkin kan, za a kafa lasifika a dandali, kowa ya ji jawabi daga radiyo, bayan nan a sa kiɗa. Tun da rani maigidana ya kama aikin akwati mafi girma da ya taɓa yi. Katakon maɗaci ne, tsayinsa ya kai ƙirjin namiji, ya shimfiɗa masa tsohon bargo da auduga a ciki. Wata huɗu yana kansa. Ba kuɗi yake nema ba. So yake a ce ranar da ƙasa ta zama tamu, ta cikin aikin hannun ɗan Damagaram aka ji labari. Ana cikin haka abokinsa Alhaji Kyari, ɗan kasuwa mai zuwa Kano, ya dawo da wani akwati na Turawa, baƙi, yana sheƙi, da yadi mai zaren zinariya a fuskarsa. Shi ma ya kai wa dattawa. Aka sa rana a gwada a zaurenmu.

Saura kwana uku, aka wuni ana ruwa. Da yamma ya sa faifai a babban akwatin nasa, ina tankaɗe. Murya lafiya, algaita lafiya. Amma duk sa'ad da ganga ta sauka, sai in ji wani ɗan zizi a ƙarƙashinta, kamar zanzaro ya shiga cikin gora. Kaɗan ne ƙwarai. Ya shigo yana dariya, hannunsa duk tsagar katako, ya ce, "Kin ji sarkin akwatuna?" Na ce na ji. Na ce a raina sanyin damina ne, in rana ta fito zai wuce. Kashegari zanzaron yana nan. Ranar da ta biyo ma yana nan. Na ga mutum cikin murna irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba, na kasa gaya masa.

Ranar gwaji, bayan la'asar, zaure ya cika. Ta bayan katanga nake jin su. Dattawan sun rabu biyu tun kafin a sa faifai, wasu sheƙi ya ɗauke musu ido, wasu suna bayan ɗan unguwa.

Alhaji Kyari ya ce, "Abba, wannan naka ai ba shi da asara. In feti ya wuce sai a zuba masa gero ya zama rumbu."

Maigidana ya ce, "Naka kuma a kai wa amarya ta duba kwallinta. Murya muke nema, Alhaji, ba madubi ba."

Aka yi ta dariya, aka sa faifai, aka sake sawa, gardama ba ta mutu ba. Sai na ji maigidana ya ce a bar wa wadda ba ta ganin ko ɗaya, ya yi musu bayanin turmi.

Alhaji Kyari ya ce, "Iyalinka ce za ta yi mana shari'a? To ni ma a tsaya in aika a kira gwaggona."

"Kai za ka sauya wayar da hannunka. Ka fara da wanda ka ga dama. Ba ta gani."

Aka yarda. Na tsaya gaban turmi, taɓarya a hannu.

Na farko ya fito. Muryarsa ba ta da ɗumi, gangar ƙarama ce kamar daga wata unguwa, amma tsab take, kowace kalma da gefenta. Aka sauya waya. Na biyu kuwa tun kafin mai waƙar ta buɗe baki na san shi, yadda ake sanin takun mutumin gida. Da ta fara, kamar tana zaune kan tabarmata. Wallahi ya fi na farko daɗi nesa ba kusa ba. Sai ganga ta sauka, zanzaron ya tashi, kuma yau da aka ƙara ƙarfi saboda baƙi ya fi kullum fitowa.

Abin da shi da kansa bai sani ba shi ne, katanga tana hana ni gani, amma ba ta hana ni gane aikinsa. Da na buga biyu, babu mai tuhumata. Na ɗaga taɓaryar ina tunanin dandali, da dubun mutane, da ƙarfin da za a ƙure, da wannan zanzaro ya zama abin da kowa zai ji a tsakiyar jawabi. Na buga sau ɗaya. Na riƙe taɓaryar da hannu biyu don kada ta sake sauka.

Ko Alhaji Kyari bai yi dariya ba.

Da aka yi magariba ya shigo ya zauna bakin ƙofar ɗaki. Ya ce, "Kin san wanne ne nawa?" Na ce na sani. "Me kika ji?" Na ce zanzaro a ƙarƙashin ganga. "Tun yaushe?" Na ce tun ranar ruwan nan.

Sannan ya ce, "Bugun nan na yau, Allah ya yi miki albarka. Kunnen da zai yi mini ƙarya, me zan yi da shi? Amma kwana ukun nan, Ta Mirriya, da su kika kayar da ni."

Da safe ya kwance bayan akwatin. Danshi ne ya kumbura allon baya, ya ture ƙusa ɗaya ta saki. Kafin azahar ya gyara. Aikin rabin wuni. Amma dattawa sun riga sun ba Alhaji Kyari magana. Ranar feti maigidana da kansa ya kama wa abokinsa ɗaukar baƙin akwatin, shi ya haɗa masa batir. Ina tsakar gida na ji an ce ƙasa ta zama tamu, ta cikin akwatin da aka ƙera a ƙasar waɗanda suke tafiya. Mata suna guɗa ta kowace katanga, tawa ta ƙi fita.

Akwatin Alhaji bai yi rani uku ba sheƙinsa ya ɓare, ashe fata ce siririya aka manna kan katakon banza, kuma zauren nan aka kawo shi gyara. Na maɗacin yana nan har yau, ya yi bikin ƴaƴana duka. Sai dai ranar mulkin kai ɗaya ce, ba a sake yin ta. Maigidana bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Da ya yi faɗa, ina jin da tuni na manta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Tasha ƙara, bakin kasuwa ƙara, kowane mai shayi da kaset ɗinsa. Yaran yanzu in za su sayi lasifika, tambayarsu ɗaya ce, har ina ake jin sa. Ban taɓa ji sun tambaya ko ana gane abin da mai waƙar ke faɗa ba. Ina jin da zai ƙwanƙwasa gefen dogayen nan da yatsa, ya ce garin katako ne aka matse. Amma ban rantse ba. Mutum ne mai son sabon abu, mai yiwuwa da tuni ya kwance bayan ɗaya yana leƙe, ya manta da tuwonsa.

Jiya ce Juma'ar. Tun da sassafe, kafin a sauke kaya daga mota, na aika aka kira mini Mutari. Na ce, "Zauna. Kunnena na hagu ba ya ji sosai. Kada ka zuba dukiyarka a kan kunnen da ba ka san halinsa ba."

Ya ce, "Tun yaushe, Inna?"

Tambayar ubansa, da muryar ubansa. Na ce tun bara. Ya ce Litinin za mu je likita, ba shawara yake nema ba. Sannan ya tashi ya jawo turmi, ya juya mini kujera yadda kunnen dama zai fuskanci katangar zaure. Ya ce, "Rabin kunnenki ya fi nawa biyu har da na mai kanti. Na ji, na sani, kuma na yarda. Buga mana."

Yanzu ba na kulle, amma a ciki na zauna. Na farko ya zo da ƙarfi, gangarsa har cikin ƙirjina, kwanoni suna rawa a kan kanta, sai dai ya haɗiye rabin kalmomin mai waƙar. Na biyu bai kai shi ƙarfi ba, amma na ji har inda take jan numfashi. Can ƙasa kuma, in ganga ta sauka, akwai wani ɗan abu da ke rawa. Na buga sau biyu. Ban ajiye taɓaryar ba na ɗaga murya, ni da ba a san ni da ɗaga murya ba, na ce, "Na biyu! Amma a duba bayansa yanzu, akwai abin da ya saki!"

Na ji Mutari yana dariya yana ce wa mai kanti ya yi haƙuri, tsohuwa ta zaɓi mai arahar. Suka juya shi, suka sami noti ɗaya bai ɗauru ba.

In na auna abin da ya rage na maigidana, akwai ƙofofinsa da har yanzu ake buɗewa a Birni, akwai akwatin maɗaci a kusurwar zaure, akwai ɗa mai rufe ido in zai saurari abu. Ni kuwa abin da ya bar mini kwana uku ne, na daɗe ina ɗauke da su. Jiya na sauke. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya fi ƙirjin maɗaci faɗi. Yau da asuba na soya wainar sadakarsa, na raba, na zauna, kuma zaman ya karɓe ni.