Har Sama Ana Ɗauke Wuta

Ku canka: wane tsoho ne ke surutu a rana, ya shiga inuwa ya yi gum?

Shekarar da rikici ya sa aka katse waya, jikana Bappa ya ɗaga eriyar rediyonsa na oba-oba a tsakar gidanmu na Jimeta, yana tambayar abokinsa na Garwa ko ƙanwata ta isa can lafiya.

Muka ji abokin ya ce, "Goggo ta..." sai shiru.

Na ce, "Maigida, har sama ana ɗauke wuta?"

Ya ce, "Kaka, magariba ce. Sai gobe."

Da hantsi amsa ta zo: ta isa, har tana faɗa kan goro.

Wa ya canka? Tsohon tauraron ɗan'adam ne mai kai muryarsu. Batirinsa ya mutu, da hasken rana kaɗai yake aiki.