Na'urar da Ke Cewa "Tun Yanzu?"

A gidanmu na Safana, ba a tashi daga gaban babba da sallama ɗaya. Ka ce za ka tafi, ya ce, "Tun yanzu?" Ka koma ka zauna, ka sake nema, sannan ya ce ka gaida gida. Da wannan ɗabi'a na shiga jami'a zamanin mulkin farar hula na biyu, inda na fara ganin kwamfuta.

Na'urori biyu gare mu. Tsohuwar ba ruwanta, ka danna maɓallan Kontrol da D, ta rufe maka aikinka, shi ke nan. Sabuwar kuwa 'yar Safana ce. In ka bar wani aiki a dakace, sai ta ƙi sallamarka, ta rubuta cewa da saura, sai ka sake nema. Ni ko a gaban tsohuwar nakan tsaya in ga an amsa mini. Abokina, wani Bafulatanin Darini mai tafiya kamar ana korarsa, ya yi ta yi mini tsiya: "Kaɗo, jira kake ta ce ka gaida gida?"

Wata rana ya zuba aikinsa na kammala digiri a sabuwar, ba shi da kwafi ko'ina. Aka kira la'asar, ya danna maɓallan da ya saba, ya figi takalmi ya fice. Na leƙa allonsa, sai ga shi a buɗe, na'urar ta rubuta cewa da saura, bai kuwa tsaya ya sake nema ba. Wurin ajiya ya yi mana kaɗan, kuma ɗalibai in suka samu allo a buɗe, sharewa suke yi su zuba nasu.

Na bar layin da nake jira na haye kujerarsa. Wani ƙato ya tsaya a kaina yana huci, wai lokacinsa ne. Na ce, "Mai wurin bai yi sallama ba, ko za ka mutu ba na tashi." Rufewa zan iya, amma aikin da ya dakatar zai tafi. Haka na zauna ana zagina har ya dawo. Ya karanta allon, ya adana kayansa, ya sake neman tafiya, na'urar ta sake shi.

Da muka gama karatu, mota ta sauke mu a tashar Batsari. Ya miƙo hannu, ya ce zai wuce Darini. Na ce, "Tun yanzu?"

Ya ajiye jakarsa ya zauna.