Hular Baba Kar-ka-leƙa

Kafin masu shara su gama, Baba ya riga ya shige ɗakin na'urori mai sanyin tsiya, da rigar sanyinsa mai ɓallallen maɓalli. Zai bi fitilu ɗaya bayan ɗaya: kore lafiya lau, ja an shiga uku. Aikinsa kula da wasu 'yan ƙarafa ne masu tsawon yatsa, da ake cusawa a bakin na'urar da ke rarraba mana intanet. Su ke mayar da saƙo haske, ya bi siririyar wayar gilashi da ake kira faiba. Wata na'urar tsirfa gare ta, ka sa mata ƙarfen wani kamfani ta ce ba ta san zance ba. Baba zai zauna gaban kwamfuta ya yi ta lallashinta har ta haƙura.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Hasken nan ba a ganinsa, amma yana lalata ido, mu kuma da layi ya ɗauke sai mu zare wayar faiba mu leƙa bakinta. Tsawar da yake daka mana ce ta zama sunansa.

Wata rana sabon manaja ya shigo da baƙi, layi ya ɗauke. Manaja ya zare waya, ya runtse ido ɗaya, ya nufi ɗayan da ita. Baba na da 'ya'ya a makaranta, ya kuma san wanda ke da ikon kora. Duk da haka ya cire hularsa ya kifa wa mutumin a fuska.

"Baba, ni ka rufe wa fuska a gaban baƙi?"

"Ranka ya daɗe, gara ka kore ni da in koma yi maka jagora."

Manaja ya daina amsa gaisuwarsa. Baba ya kwashe kofin shayinsa ya kai gida, uwargida ta fara rage cefane. Korar dai ba ta zo ba.

Baba, kai ne wanda ba ma tunawa sai fitila ta yi ja. Mun ji kunya, mun kuma gode. Ku na baya, ku yi irin tasa, ku kare mutum ko da zai yi fushi da ku.

Jiya a taron ritayarka manajan nan ne ya karanta jawabi, da idanunsa biyu, har suka kawo ruwa. Da ya gama, ya miƙo maka sabuwar hula, ya roƙi a bar masa tsohuwar.