Idrisa, Wanda Ba Mu Binne Ba

Da sunan Allah nake farawa, masanin abin da ya ɓoyu ga bayinsa.

Idan Allah ya kai mu kakar bana, shekara ashirin da uku ke nan da ɓatan Idrisa, ɗan ƙanwata Falmata, a garin Gashuwa, yana da shekara biyu da 'yan watanni. Ita kuwa Falmata, bana shekararta huɗu a ƙasa. Masu rubuta waiwaye a jarida sukan yi magana ne a kan wanda suka wanke, suka sallata, suka san inda kabarinsa yake. Ni zan yi magana a kan wanda har yau ban sani ba ko ya halatta in kira shi marigayi. Na daɗe da alƙalami a hannu a kan wannan kalma guda, daga ƙarshe na bar ta.

Mu mutanen Nguru ne. A shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa garinmu aka aurar da Falmata ga Bukar, mutumin Gashuwa, wanda yake kawo bandar kifi da fatu tasha ana lodawa zuwa Kano. A Nguru suka zauna. Idrisa ne ɗansu na fari. Ni na yi masa huɗuba, ni na fara faɗa masa sunansa a kunne. Sunan mahaifin Bukar aka mayar, saboda haka al'ada ta rufe bakin Falmata ta fuska biyu: ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruki. Kowa Babagana yake ce masa, ita ko wannan ba ta faɗa. In ta matsu sai ta ce "yaron nan". Ranar da wanzami ya zo yi masa tsagen gidansu, jaririn ya yi atishawa aska na kan kuncinsa, sai tsaga ɗaya ta kuncin hagu ta karkace ta nufi kunne. Wanzamin ya yi ta ba da haƙuri, mu muna dariya. Ba mu san wannan kuskure ne kaɗai abin da zai rage mana na shaida ba.

Da lokacin yaye ya yi, aka kai shi Gashuwa wurin kakarsa, mahaifiyar Bukar, wadda kowa yake kira Iya. Ba a jima ba aka yi haihuwa a gidan, aka aiko mana da goron suna. Muka tafi a kan jakuna da takarkari, kogi a cike, gero an gama yanka shi. A hanya na ga Falmata ta ƙulle ƙuli-ƙuli da dabino a bakin gyalenta, ban kuwa tambaye ta na wane ne ba.

Abin da ya faru a cikin gida mata ne suka ba ni labarinsa daga baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Falmata tana durƙushe tana gaida surukarta, sai Iya ta hango yaron. Ta ce, "Tashi maza ki shige ɗaki, ga mijina nan tafe. In ya gan ki, yayen nan ya koma ɗanye." Amma ya riga ya gan ta. Ya sheƙo da irin gudun masu koyon tafiya, ya kama zanenta. Ga suruka, ga dangin miji cike da tsakar gida, kowa ya zuba ido. Falmata ta yi abin da aka koya wa kowace 'yar mutunci a ƙasar nan: ta juyar da fuskarta bango, ba ta taɓa shi ba. Iya ta ɓanɓare hannunsa tana cewa, "Kai, marar kunya! Ga matarka a tsaye kana bin wata? Miji ba cefane sai ci. Ungo, ku fitar mini da shi waje ya ga raƙuma." Mata suka yi shewa, aka fita da shi yana kuka.

A zaure aka dire mana shi. Ya zauna a kan buzuna, hawaye bai bushe ba, yana jan carbina yana sawa a baki. Wannan ya ɗauka ya yi masa wasa, wancan ya karɓa ya ba shi waina. Yaro a taron dangi na kowa ne. Da aka kira azahar muka tashi. Maza suka ɗauka an mayar da shi ciki. Mata kuwa da ba su gan shi ba sai suka ji daɗi, domin abin da aka shirya ke nan, a nisanta shi da uwarsa.

Mutum ɗaya ne hankalinsa bai kwanta ba. Bayan azahar Falmata ta ce wa surukarta, "Iya, gidan ya yi shiru." Iya ta ce, "Shiru, da wannan taro? Ko ƙurar hanya ta toshe miki kunne?" Can an jima ta sake cewa, "An ba yara abinci kuwa?" Aka ce an ba su. Iyakar abin da bakinta ya iya ke nan. Da ta ce ina ɗana, da an yi shekara ana ba da labarin rashin kunyarta daga Gashuwa har Nguru. Sai bayan la'asar, da Iya ta dama kunu ta ce, "Ina angon nawa? Ku kawo shi ya sha," sannan aka leƙa zaure, zaure ya ce ai yana ciki.

Bulama, wato mai unguwa, ya sa aka yi shela. Masunta suka hau gora suka bi kogi da taru, suka tattake ciyayin bakin ruwa. Aka leƙa rijiyoyi. Ranar kasuwa ce, ayarin masu kanwa ya riga ya tashi, Bukar ya ari doki ya bi su, suka sauke masa kayansu ya duba da idonsa. Mutane suna ta ƙwala kira, "Babagana! Babagana!" Na ga Falmata tana gudu a gaɓar kogi ba gyale, tana cewa, "Kai! Kai, yaron nan!" Ko a wannan hali sunan bai fita ba.

Na bi mutanen zauren nan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wa ya riƙe shi na ƙarshe. Kowa ya ambaci wani, wanin ya ambaci wani, har magana ta zagayo kaina. Ban tuhumi kowa da ƙarya ba, ban kuma ɗora wa Iya laifi ba. Ta yi abin da aka yi mata ne, aka kuma yi wa uwarta. Daga ranar ba a sake jin ta yi wasa da jika ba har ta koma ga Allah.

Na karanta babin fiƙihu na mutumin da ya ɓata, a wurin malamaina, tun ina saurayi, na kuma karantar da shi. Hukuncinsa a mazhabarmu bayyananne ne: ana ɗaukarsa rayayye, ba a yi masa sallar gawa, ba a raba abin da yake nasa, sai ya kai shekarun da tsararsa ba su cika wucewa ba. A allo abu ne mai sauƙi. Ban san nauyinsa ba sai da na ga gidan da aka yi rashi amma ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Masu zuwa gaisuwa sukan tsaya a ƙofa su rasa abin faɗa. Wata maƙwabciya ta yi suɓul da baka ta ce, "Allah ya jiƙansa." Falmata ta dube ta ta ce, "Wa ya rasu, Yagana? Ba a gaya mini ba." Matar ta fita ba ta ko ɗauki takalmanta ba. Nakan tuna annabin nan da ya yi kukan ɗansa har ganinsa ya tafi. Shi an kawo masa riga. Mu ko riga ba a kawo mana ba.

An sha kawo mana labari. Wani ya ce kura ce, wani ya ce mutanen ruwa, wani ya ce masu satar yara ne da suke haurawa da su arewa. Sau ɗaya wani mai raƙumi ya rantse ya ga yaro mai irin tsagenmu a wajen Kumagannam. Ni da Bukar muka tafi cikin rairayi. Muka sami yaron, tsagensa duka a miƙe suke, ga uwarsa tana harararmu. Muka sha ruwa muka juyo Nguru.

Gidan su Falmata yana kusa da tasha. Duk ranar da jirgi ya shigo, Falmata takan sami dalilin tsayawa a bakin zana. Da fari yaran da ake goye da su take duba. Bayan 'yan shekaru na lura ta koma duban masu tallar rake da gyaɗa, daga baya kuma samari masu dako. Tana yi masa lissafin girma a fuskokin 'ya'yan mutane. Allah ya ba ta waɗansu 'ya'ya, babbansu Modu, ta kuma rene su da kyau. Amma ko a gidan biki ba ta yarda wani ya ɗauki ɗanta ya fita da shi. Mata suka yi ta gulma wai ba ta da kara.

Yau motocin lori suna zirga-zirga tsakanin Nguru da Gashuwa, tafiyar da muke kwana a hanya ta zama ta yini. Akwai waya, akwai jarida, labari yana riga mai doki isa. Nakan ce da a yanzu ne, wataƙila da shela ta tari ko wane ne a gaba. Yanzu kuma har an fara samun 'yan matan aure masu kiran ɗan fari da sunansa a gaban surukai. Dattawa 'yan'uwana suna zuwa suna cewa, "Malam, ka yi wa'azi, kunya ta ƙare." Ni nakan sunkuyar da kai. Kunya ado ce ga mumini, ban musa ba. Amma ban sami inda shari'a ta hana uwa tambayar ɗanta ba. Da Falmata ta ga matan yanzu, na san za ta kama baki ta ce zamani ya lalace. Ina kuma jin za ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Bukar ya riga ta rasuwa. Da ciwonta ya yi tsanani, wata rana da hantsi ta sa aka kira ni, ta sallami kowa. Ta ce, "Yaya Malam, kai ka raɗa masa suna." Na ce ni ne. Ta ce, "Faɗa mini in ji." Na ce, "Idrisa." Ta rufe ido ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Ta ce, "Ashe haka yake da daɗi." Leɓenta ya motsa, na kasa kunne, amma ban ji komai ba. Sannan ta ce, "Ga amana. Kada ka bari a sa shi cikin matattu sai an nuna maka kabari." Bayan rasuwarta, ƙuli-ƙulin nan da dabino, sun zama gari, a ƙasan akwatinta mata suka same su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya Modu ya zo mini da maganar sadakar da muke yi wa iyayensa duk shekara. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, bana a haɗa da Yaya Babagana." Na ce uwarka ta hana. Ya ce, "Kawu, ka gafarce ni, kai ne malami. In yana cikin kogin nan tun ranar, to shekara ashirin da uku ba wanda ya tsaya ya ce Allah ya jiƙansa. Bare ma ana yi masa, balle ɗan gida. Ba mu zalunce shi ba?" Modu bai taɓa ganin wansa ba. A cikin waɗanda suka zauna a zauren nan, ni kaɗai na rage. Ba ni da wanda zan juya in ce masa, ka tuna?

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na sani yaron da bai balaga ba ba shi da zunubin da za a nema masa gafara, amma Modu ba fatawa ya zo nema ba. So yake ya san inda zai ajiye wansa a zuciyarsa, ni kuwa ba ni da wurin da zan nuna masa. Na ce masa a dafa, a raba, ladan sadaka yana isa ga rayayye kamar yadda yake isa ga mamaci. Zan ce Allah ya yi wa Idrisa rahama a inda yake, a bayan ƙasa ko a cikinta. Amma idan aka zo jera sunayen waɗanda suka riga mu, zan ambaci Bukar, in ambaci Falmata, in tsaya. Modu ya ce, "In kai ma ka tafi fa, Kawu?" Na ce to sai amanar ta dawo kanka.

Saura magana ɗaya, ba kuma da masu karatu duka nake ba. Idan akwai wani mutum, a Kano ko Barno ko ƙasashen arewa da ke hannun Faransa, wanda shekarunsa suka kai ashirin da biyar, yana ɗauke da tsagen da ba irin na mutanen da suka rene shi ba, ɗaya ta kuncin hagu ta karkace ta nufi kunne, to wanda ya iya karatu ya karanta masa wannan. Ban san da wane suna ake kiranka ba, ban san da wane harshe kake mafarki ba. Sunanka Idrisa. Idan a can ƙasan tunaninka akwai wata mace da ka kama zanenta ta juya maka baya, ka sani ba ƙinka ta yi ba. Tun daga Nguru ta ƙullo maka dabino.