Shafin Farko Babu Suna

Shekarar da na bar aikin rediyo na koma garinmu Isa, na rubuta labarin fim ɗina na farko, kan wani manomin gero da ya ƙi barin gonarsa. Mai buga takardu na bakin tasha ya tsara shafin farko yadda na umarce shi: sunan fim a tsakiya da manyan haruffa, "Rubutawa" a ƙasansa, sai sunana, sai lambar wayata can ƙasa ta hagu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana kai kaya Nijar ta Burkusuma. Ya ce ya san wani mai shirya fim a Maraɗi, zai miƙa masa. Da ya karɓi takardun, shafin farko kaɗai ya duba.

"Cire wannan, ɗana."

"Saboda me, Kawu?"

"Ka manta hanyar da nake bi? In mutanen daji suka tare mu, suka ga suna da lamba, ai ka kai musu kanka. Cewa za su yi ga mai fim, ga mai kuɗi."

Gaskiya ya faɗa. Kowa a nan ya san wannan hanyar. Amma na lura bai ce a goge lambar kaɗai ba, sunan ma ya haɗa. Rediyo ya koya mini sauraron abin da mai magana ya tsallake. Na kuma taɓa jin rubutuna a rediyo da sunan wani.

Na koma aka buga sabon shafi, sunan fim kaɗai. Kafin in miƙa masa, na zare shafuka tara na ƙarshe na kulle a akwati. Ban gaya masa ba.

Bayan kasuwa biyu ya dawo, ya same ni a zaure.

"Mutumin ya yaba ƙwarai. Amma wai babu ƙarshe. Manomin nan ya tsira ko bai tsira ba?"

"Wa kuka ce masa ya rubuta?"

Ya gyara zaman hularsa. "Na ce daga gidanmu ya fito."

"Gidanmu da yawa muke, Kawu."

"Kai ɗan rediyo, ko gaisuwa sai ka mai da ita hira da baƙon mako."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Sunana dai bai fito daga bakinsa ba.

"Za ni ba ku ƙarshen gobe," na ce.

Washegari na sa aka sake buga shafin farko da sunana, babu lamba, na ɗora shi kan shafuka taran nan. Sannan na ɗauki biro na rubuta sunana a kowane ɗaya daga cikinsu, ba a gefe ba inda almakashi zai iya bi, a tsakanin layukan maganar manomin.

Kawu ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan na ƙarshe.

"Ashe ya tsira," in ji shi.

Ya naɗe takardun, ya cusa cikin buhun kaya, ya ɗaure a bayan babur.